Ƙarar Salansa Ba Ta Ƙara Wa Babur Ƙarfin Ja

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka in yi magana da samarinmu masu manyan babura, irin masu zama ƙasa-ƙasa waɗanda ake miƙe ƙafa gaba: su Honda Shadow, Kawasaki Vulcan, Yamaha Virago, da 'yan Harley-Davidson ɗin da ke shigowa na hannu. Ni bakanike ne a Kaduna, kuma kusan duk wanda ya turo mini irin wannan babur magana ɗaya yake yi: "Oga, so nake ya riƙa ja tun daga ƙasa, kuma in na hau titin Zariya ya daina yi mini kuka." Buƙatu biyu ke nan, kuma in aka yi sakaci gyaran ɗaya shi yake ɓata ɗaya.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yayin fasa salansa. Yaro zai kai babur wurin mai walda a zare abin da ke cikinta, ya fito yana girgiza unguwa, ya rantse maka inji ya ƙara lafiya. Kunnensa ne ya ruɗe shi. Kamfani ya auna tsawon bututun da faɗinsa ne don hayaƙin da ke fita ya taimaka wajen janyo sabon mai da iska lokacin da inji ke juyawa a hankali. In ka buɗe shi wangwam, a nan ƙasan da kake neman ƙarfi za ka rasa shi. Iska kuma ta rinjayi fetur, inji ya ɗau zafi, ka saki totur ka ji yana ta tas-tas a baya. Kwance fulogi ka duba bakinsa: in ya yi fari fat, mai ya yi kaɗan, in ya yi baƙi da toka, ya yi yawa, kalar ƙasa-ƙasa ake so. Duk wanda ya taɓa salansa ko matatar iska dole ya sake saita kafireta, ya canza jet, wato ɗan ƙarfen nan mai rami da ke auna man da kafireta ke bayarwa, mai sabon babur kuma a gyara masa lissafin kwamfutar da ke ba inji mai. Ita kuwa buɗaɗɗiyar matatar nan da ake yayi, wadda ta dace da ƙasashen da ba su san hazo ba, ka bari hunturu ya shigo. Ƙurar da za ta wuce ta cikinta ita za ta cinye maka zoben fistan.

Maganar kukan inji a babban titi kuwa, yawancin waɗannan babura giya biyar gare su, shi ya sa ƙafarka take ta laluben ta shida. Harley ma sai a 2006 da 2007 ya sa wa manyan baburansa giya shida. Magani mafi araha ga mai sarƙa shi ne sifoket, wato faifan nan mai haƙora da sarƙa ke hawa. A ce na gabanka haƙori 16 gare shi ka sa mai 17: juyin inji zai ragu da kusan kashi 6 cikin 100, wato inda yake yin 4,500 a minti ɗaya ya dawo wajen 4,200 a gudu iri ɗaya. Rage haƙori uku a na baya kusan haka yake yi. Hannunka zai daina mutuwa da karkarwa, madubi ya riƙa nuna abin da ke bayanka sosai, mai ma ya ɗan yi auki, wanda tun cire tallafi a 2023 ba abin rainawa ba ne.

Amma ba kyauta ba ce. Abin da ka samu a sama, daga ƙasa ka ciro shi. Tashi daga danja zai yi nauyi, kuloci ya riƙa shan wuya a cunkoson Kawo. Ka ɗauki mutum da kaya ka nufi Jos ta Hawan Kibo, giyar ta biyar ba za ta yi maka amfani ba, ga iskar can sama ba ta kai ta nan kauri ba. Wasu har haƙori biyu suke ƙarawa a gaba, sai su riƙa jan babur a giyar ƙarshe yana ƙwanƙwasa kamar ana daka a turmi. Wannan ya fi kukan da suka guda illa ga inji. Ni haƙori ɗaya nake yarda da shi, kuma sarƙa da sifoket biyun a canza su tare, don tsohuwar sarƙa ba ta barin sabon haƙori ya daɗe.

A nan ne wasu suke cewa da sun sani. Yawancin Virago da wasu daga cikin Yamaha V-Star da Shadow ba su da sarƙa, sandar ƙarfe ce take juya tayar baya, don haka babu sifoket ɗin da za a canza. Harley bel yake amfani da shi, kuma canza nasa tsada. Kafin ka biya kuɗi, ka durƙusa ka leƙa tayar baya.

To ina ake samun ƙarfin ja na gaskiya? Daga girman inji. Misali sananne shi ne Harley Sportster mai inji cc 883, wanda ake faɗaɗa masa silinda a sa manyan fistan ya koma cc 1200. Wannan kam za ka ji shi a ƙugunka daga giyar farko, kuma shi ne yake ba ka damar ɗaga sifoket ba tare da babur ya yi sanyi ba. Sai dai aikin na son kayan asali da hannun da ya san awo, kuma a farashin dala na yanzu, sau da yawa gara ka sayar da 750 ɗinka ka cika ka sayi 1100. Wannan shawara tana rage mini ciniki, amma ita nake bayarwa.

Mai ƙaramin ƙarfi kuma ya fara da abin da ke hannunsa. A wanke kafireta, a saita bawul, a sa baƙin mai na ƙwarai, a duba iskar taya da tsaurin sarƙa. Babura da yawa da ake kawo mini don "ƙarin ƙarfi" ƙarfinsu na asali ne ya ɓata a datti. Sannan a sa gilashin tare iska a gaba, domin a irin wannan zama na miƙe ƙafa ƙirjinka ne yake karɓar iskar duka, kuma ita take gajiyar da kafaɗa kafin a kai Kwanar Dangora. A ƙara wa kujera soso mai kyau. Kuɗin da ya rage a sa shi a birki da taya da hular kwano, ita kuma salansa a bar ta yadda ta zo, ko maƙwabta sa samu barci.

Na gode, Allah ya ƙara wa jaridarka albarka.

Naka,
Wani bakaniken manyan babura,
Kaduna.