Kafin a yi wa amfilifaya ritaya, a matsar da maik ɗin tukunna

Malam Edita,
Assalamu alaikum, da fatan kana lafiya, ya aiki ya jama'a.

Wallahi ba ni da al'adar rubuto wa jarida wasiƙa, amma rubutun nan da kuka fitar kwanakin baya a shafin kiɗa ne ya hana ni zama, wanda marubucin yake cewa wai zamanin kafa maik a gaban amfilifaya ya wuce, yanzu mutum ya samu sawunkad kawai, wato ɗan akwatin da ke shigar da sauti cikin kwamfuta, ya jona jitarsa ya buɗe filogin, wato manhajar da ke kwaikwayon amfilifaya, shikenan an wuce wajen. Ban ce ƙarya ya yi ba, akwai gaskiya a maganarsa kuma zan zo kanta. Amma ni da na daɗe ina naɗar jitar lantarki, tawa da ta mutane, abin da na lura shi ne yawancin masu kukan amf, wato amfilifaya, ba ya ba su sauti mai daɗi ba amf ɗin ne ya gaza ba, maik ɗin ne suka dangwarar a inda hannunsu ya tsaya suka koma kujera suna ta murɗe-murɗen ikwalaiza, maɓallan gyara kaifi da kaurin sauti, har dare ya raba.

Hanyar da na fi so ba wani abin a-zo-a-gani ba ce. Ƙaramin amf mai bawul, irin mai 'yan kwalaben nan da ke yin ja in sun ɗau zafi, sai maik ɗaya tal, Shure SM57, wanda tun 1965 ake ƙera shi kuma har gobe da wuya ka shiga situdiyo ba ka gan shi ba. Me ya sa ƙarami? Saboda amf mai bawul ba ya sakin muryarsa sai an ɗan matsa masa, to mai wat 100 kafin ka kai shi inda zai fara gurnanin nan mai daɗi tagogi sun fara rawa kai ma kunnenka ya toshe, amma irin Fender Champ mai wat 5 da lasifika mai inci 8 nan da nan yake kaiwa. Kuma kar a raina wat 5 fa, sai ka ninka ƙarfin wuta sau goma kafin kunne ya ji kamar ƙarar ta ninku sau biyu, wato mai wat 50 bai fi shi da wani abin kirki ba sai ninki ɗaya. Maik kuma ba shi da ido, bai san girman akwatin da ke gabansa ba, abin da ya shigo masa kawai yake ɗauka.

To ga inda aikin yake. Ka ɗauki tocilan ka haska ta cikin yadin da ya rufe gaban amf ɗin, za ka hango lasifikar, akwai wata 'yar hula a tsakiya sai kwanon takarda da ya kewaye ta har zuwa baki. Idan ka saita maik a kan hular daidai, sautin zai fito da kaifi kamar reza, har ya riƙa soka kunne. Idan ka ja shi can bakin kwanon sai ya yi duhu ya dusashe kamar an lulluɓa masa bargo. Tsakanin waɗannan biyun tazarar ba ta fi tsawon yatsa ba ko ta ɗan fi, amma duk sautukan da kake nema suna cikinta. Ni daga inda hular ta haɗu da kwanon nake farawa, maik ɗin kusan ya taɓa yadin, sai in sa hedifon mai rufe kunne ruf, in ce wa makaɗin ya yi ta maimaita wajen da ya fi muhimmanci a waƙar, ni kuma in durƙusa ina jan maik ɗin a hankali a hankali, kaurin yatsa ɗaya a kowane motsi. Akwai wajen da za ka isa kawai ka ji jitar ta zauna daram, tsakiyarta ta cika, kaifin bai ɓata ba kuma bai yi yawa ba. Nan sai in ce tsaya! in ɗaure sandar maik ɗin tam, in manna ɗan salatif a jikin yadin don gobe. In har yanzu da sauran kaifi sai in ɗan karkatar da kan maik ɗin kada ya kalli lasifikar ido da ido, in kuma ƙasan ya yi kauri da yawa sai in ja shi baya kaɗan, don irin wannan maik ɗin duk sanda ya matso kusa da abu sai ya ƙara masa bes, wato kaurin sauti. Minti goma ne fa duka-duka. Ga masu babban akwati mai lasifika huɗu kuma, ku saurare su ɗaya bayan ɗaya, ba muryarsu ɗaya ba ko da kamfani ɗaya ya yi su.

Abin da mutane ke mantawa shi ne lasifikar jita ba irin ta sauraron waƙa ba ce, ita ma wani ɓangare ce ta kayan kiɗan. Da kaifin sauti ya haura wajen kilohas 5, wato kaɗawa dubu biyar a daƙiƙa, sai ta fara yanke shi, kuma wannan yankewar ita ke mayar da distoshan, wato gurnanin nan da ake sa wa jita da gangan, ya zama abin saurare. Duk wanda ya taɓa jona fedal ɗin distoshan kai tsaye cikin miksa, na'urar haɗa sautuka, ba lasifika a tsakani ya san abin da nake nufi, zuuu kamar an tsokano gidan zuma.

Bari in faɗi tawa wautar kar a ce na zo ina koyarwa kamar ban taɓa kuskure ba. Akwai lokacin da na samu aron Royer R-121, maik ne na ribon, irin mai ɗan siririn ƙyallen ƙarfe a ciki, da ya fito a 1998 kuma injiniyoyi da yawa suna haɗa shi da SM57 saboda shi yana da taushi da jiki, 57 kuma yana da cizo. Zumuɗi ya ɗebe ni na kafa su biyun, ɗaya manne da yadi ɗaya na ja shi baya kamar taƙi guda, na tura wannan hagu wancan dama, a hedifon abin ya yi faɗi har ina jinjina wa kaina. Muka kwana muna aiki, waƙa uku. Washegari na haɗe su a tsakiya don in ji yadda za su fito a lasifika ɗaya, Malam Edita sai jitar ta rame ta koma kamar ana kaɗa ta a cikin bututun ruwa. Dalili kuwa sauti tafiya yake, mita 343 a daƙiƙa, duk santimita 34 ya ci milisakan ɗaya, to ya riga isa maik na farko kafin na biyu, da aka haɗa su sai wasu sassan suka riƙa cinye juna. Shi ne abin da ake ce wa matsalar fez. Na gyara dai ta hanyar zuƙo hoton sautin a kwamfuta na ja layi ɗaya har tudunsa ya hau kan tudun ɗan'uwansa, amma tun daga ranar in zan sa maik biyu sai na tabbatar kawunansu na kan layi ɗaya, kuma kafin a danna rikodin sai na saurare su a haɗe na danna maɓallin nan mai juya fez na ji wanne ya fi cika. Haka in amf ɗinka bayansa a buɗe yake ka ce za ka sa maik ta baya, dole ka juya fez ɗinsa, don lokacin da kwanon ke tura iska gaba ta baya janyewa yake. Shi ribon kuma lallaɓa shi ake, ba a hura masa iska wai ana gwaji, kuma ni ba na barin wutar fantom mai bolt 48, wadda miksa ko sawunkad ke tura wa wasu maik ta cikin waya, a kunne sanda nake jona shi ko cire shi.

Yanzu in dawo kan gaskiyar marubucin naku. Jona jita kai tsaye ba sabon abu ba ne, ko a shekarun 1960 a situdiyon Motown da ke Detroit a Amurka haka suke yi wa jita da bes, kuma har yau in kiɗan mai tsabta ne, irin karce-karcen nan masu tafiya da ganga, wani lokacin kai tsayen ya fi komai tsayawa a cikin waƙa. Sharaɗin dai a shiga ta ƙofar da ta dace, ramin da aka rubuta wa Hi-Z ko Inst a jikin sawunkad, ko kuma a bi ta akwatin DI, ɗan akwatin da ke daidaita sautin jita kafin ya shiga miksa ko sawunkad. In ka cusa jita a ramin layin na kibod sai fikof ɗin, wato abin da ke ɗaukar sautin tsirkiya a jikin jitar, ya shaƙe, saman sautin ya mutu, ka zauna kana zargin jitar alhali ba ruwanta. Ni kaina ko amf zan yi amfani da shi sai na raba wayar biyu da akwatin DI, ɗaya ta tafi amf ɗaya ta shiga kwamfuta tsurarta ba ado. Wannan ɗanyen layin ya sha fitar da ni kunya, don in makaɗi ya yi kiɗan da ba zai iya maimaitawa ba amma sautin amf bai shiga da waƙar ba, sai in mayar da shi cikin amf ta akwatin riyamf, mai mayar da abin da aka naɗa cikin amf, in sake kafa maik a nutse shi yana gida yana barcinsa.

Su na'urorin kwaikwayon amf kuma sun yi nisa, ba musu. Daga jan POD ɗin nan na Line 6 da ya fito a 1998 zuwa Kemper a 2011 wanda ke sauraron amf na gaske ya kwafe halinsa, zuwa Neural Amp Modeler da ake saukewa kyauta yanzu, an kai inda in an cusa su cikin waƙa da ganga da bes da murya ni kaina ba zan rantse in ce wannan na gaske ne wannan na kwamfuta ba. Wanda ke da maƙwabta ko jariri a gida ai ba shi da abin da ya fi masa. Amma a duba fa, fayil ɗin IR da ake lodawa a matsayin lasifika, mene ne shi in ba hoton wata lasifika da wani maik da wani mutum ya durƙusa ya saita ba? Wato aikin dai da ake cewa ya wuce shi wani ya yi maka. Kuma matsalata da waɗannan na'urorin biyu ce. Ta farko yawan zaɓi, ka buɗe ka tarar da amf ɗari da IR dubu, awa biyu kana latse-latse ba ka naɗi ko layi ɗaya ba, shi kuma makaɗi hannunsa ya huce zuciyarsa ta fita daga waƙar. Ta biyu jinkiri. In bafa, wato yawan gutsattsarin sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta sarrafa su, tana 128 a kan kilohas 48, shiga kaɗai ta ci kusan milisakan 2.7, fita ma haka, ga ɗan abin da na'urar ke ƙarawa, wannan dai ana iya zama da shi, amma kwamfuta na fara nishi ka ɗaga ta zuwa 512 ko 1024 sai makaɗi ya ji yatsansa na gaba sautin na biyo shi a baya, kuma ko bai iya faɗin abin da ke damunsa ba za ka ji kiɗan ya yi nauyi.

Ko ta wace hanya aka bi dai, a rage gen, wato maɓallin da ke ƙara distoshan, don Allah. Abin da ke yi maka daɗi kai kaɗai a ɗaki ya yi yawa a rikodin, distoshan in ya wuce kima matse sautin yake ya cinye bugun yatsa, jitar ta zama ƙarama maimakon ta girma. In kauri kake so ka kaɗa sau biyu, ka tura ɗaya hagu ɗaya dama, ɗan saɓanin da ke tsakanin hannunka na farko da na biyu shi ke kawo faɗin, kwafe layi ɗaya ka liƙa ba ya yi, ƙara kawai zai ƙara maka a tsakiya. Tsirkiyar da ta fi kauri a jita tana wajen has 82, to duk abin da ke ƙasa da 80 yanke shi nake in bar wa bes da ganga filinsu. In fikof ɗinka mai naɗi ɗaya ne irin na Stratocaster zai riƙa jawo kugin wutar lantarki, kafin ka nemi filogin na share shi ka zauna a kujera mai juyawa ka riƙa juyawa a hankali da jitar a cinyarka, akwai fuskar da in ka kalla kugin zai ragu sosai, sai ka daskare a haka har a gama ko da bango kake kallo. A canza tsirkiya kafin ranar aiki ba a ranar ba don ta samu ta zauna, a duba tunin, wato saitin tsirkiya, kafin kowane ɗauka. Kuma gargaɗi ɗaya ga masu amf mai bawul da ke son yin aiki shiru cikin dare, kar ka kuskura ka zare wayar lasifika ka kunna shi haka nan, taransifomar fitarwa ce za ta ƙone, sai dai ka sa masa akwatin lod ya tsaya a madadin lasifikar.

Roƙona ga marubucin naku, in yana da amf a kusa ko na aro ne, ya raba wayar biyu kamar yadda na faɗa, ya naɗi kiɗa ɗaya ta filogin ɗin da ya fi yarda da shi da kuma ta maik, amma da sharaɗin sai ya durƙusa da tocilan ya yi minti goman nan tukunna. Ya daidaita ƙararsu don wanda ya fi ƙara kullum shi kunne ke zaɓa, ya sa wani ya kunna masa ba tare da ya san wanne ne wanne ba. Duk wanda ya zaɓa ya rubuto mana a wannan shafin, in filogin ne ya ci zan sake rubuto wasiƙa in amsa, kai kuma Malam Edita ka ba ni fili ko rabin wannan ne.

Na gode, a huta lafiya.
Naku,
Wani mai naɗar jita