Zuwa ga 'yata Hauwa'u a Hamburg

Assalamu alaikum Hauwa'u, ya sanyin Jamus, ya ƙoƙari? Mamanki ta ce kin bugo kina kuka wai kwanakin da aka ba ku a kan na'urar European XFEL mai harba walƙiyar eksre sun ƙare ba ku samu abin kirki ba, har kina cewa gara ki dawo Kaduna ki nemi aikin banki. Haba Kulu.

Kin fi ni sanin aikin nan nesa ba kusa ba, ni fiziks ɗin sakandare na koyar, amma ki tuna me kuke bi. A raba sakan gida biliyan, a ɗau ɗaya a sake raba shi gida biliyan, shi ne atosakan, kuma a irin wannan ɗan lokacin elektron ke motsi cikin atam. Walƙiyar eksre ta farko ta tayar da shi, ta biyu ta biyo baya ta ga inda ya kai, a yi ta maimaitawa ana canza tazarar, to in tazarar nan ta ɗan goce ai sai komai ya dagule, ina laifinki a ciki? Ramin da aka haƙa wa European XFEL ɗin naku kilomita 3.4 ne fa, sai 2017 ya fara aiki, duk don a kama abin da ido ba zai taɓa gani ba.

Masaniyar fiziks Anne L'Huillier tun 1987 ta ga alamar farko ta cewa za a iya samar da walƙiyar atosakan da ta haska hasken lesa cikin iskar argon, amma sai 2001 Pierre Agostini ya auna walƙiya mai atosakan 250, Ferenc Krausz ya ware guda ɗaya mai 650, Nobel kuwa sai 2023 su ukun suka karɓa. Ke yaushe ma kika fara.

Abin da na fi jin tsoro shi ne gajiya ta sa ki taɓa alƙaluma don jadawali ya yi kyau. Kar ki kuskura wallahi, ko wa ya matsa miki. Ki rubuta abin da na'ura ta ba ki yadda yake, har da hayaniyar, wato tarkacen da ke gauraye da alƙaluman, ki zauna da sufabaizanki ku gano inda aka samu matsala, ku sake neman wani lokacin. In aikin dare ya kama ki ci abinci mai nauyi, kar shayi kawai, kuma sallah kar ta wuce ki.

Ki turo min jadawalin da ya ƙi fitowa ɗin ta WhatsApp, ina so in gani da idona. Allah ya yi miki albarka.

Babanki,
Tudun Wada, Kaduna