Wanda ya guje wa bashin banki, ta ina zai sami waya bashi?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarmu in yi magana kan sayen waya a biya kaɗan-kaɗan, domin sayar da wayoyi ce sana'ata a nan Sakkwato, kuma kullum a gabana ake wannan ciniki.

A Ingila da Amurka mutum kan sa hannu da kamfanin sadarwa, a ba shi waya da layi, ya dinga biya duk wata, galibi shekara biyu ko uku, bayan an duba yadda ya biya basussukansa na baya. Mu kuwa tun zuwan GSM a 2001 kati muke sawa kafin mu kira, waya kuma kuɗi hannu. Yanzu da tsada ta hana talaka sayen babbar waya lokaci guda, kamfanonin ba da waya bashi sun shigo, wakilansu na zaune a shagunanmu. A karɓi NIN da BVN ɗinka, ka ba da kafin alƙalami, a sa wa wayar manhajar da za ta kulle ta ranar da ka makara.

Kullewar ba ta dame ni ba, mai kaya yana da haƙƙin kare kayansa. Abin da ke damuna shi ne yadda ake auna amanar mutum. Kamfanoni uku ne ke tara tarihin bashin 'yan Najeriya da lasisin Babban Banki, CRC da FirstCentral da CreditRegistry, akwai kuma dokar 2017 da ke tsara aikinsu. Amma abin da bankuna da makamantansu suka kai musu shi suke rubutawa. Dillalin da ya shekara da shekaru yana ɗaukar albasa bashi a hannun manoman Goronyo da Wurno, ya loda mota zuwa Kudu, ya dawo ya sallami kowa ba tare da takarda ba, idan aka neme shi a kwamfuta babu shi. Ko a ƙi shi, ko a tsawwala masa kafin alƙalami.

Kuma a garin Shehu, da yawa ba rashin hali ya hana su bashin banki ba, tsoron riba ne. Ashe ke nan mutum ya kiyaye addininsa, sai kiyayewar ta zame masa cikas?

Alhali shaida tana nan. Ɗan kabu-kabun da ke danna *303# ya ari kati ya biya, sau nawa ya yi, kamfanin layinsa ya sani, kuma tun Disamba 2020 aka tilasta haɗa layi da NIN, don haka an san ko wane ne. Matan unguwarmu da ke zubin adashe ba fashi, uwar adashe na da littafinsu. Ina kira ga hukumar sadarwa ta NCC da Babban Banki da CREDICORP, wadda gwamnatin tarayya ta kafa a 2024 domin sauƙaƙa saye bashi, su samar da hanyar lissafa irin wannan, da izinin mai layin.

Su kuma kamfanonin su koyi murabaha irin ta bankunan Jaiz da TAJ: ga kuɗin waya, ga ribarmu, ga jimla, ba ta ƙaruwa. Da yawan masu shigowa shagona da sun ji "kuɗin ruwa" sai su ajiye wayar su fita.

Ga masu saye, kafin ku sa hannu ku sa wakili ya rubuta muku jimlar abin da za ku biya, ku gwada da farashin kuɗi hannu. Kada kuma ka ba aboki BVN ɗinka ya karɓi waya, domin in ya gaza, sunanka za a rubuta.

Naku,
Mai shagon wayoyi,
Mabera, Sakkwato