Zuwa ga 'yata, kan ƙuri'ar gwajin magani da lissafin da ke ƙarƙashinta

Assalamu alaikum, 'yata. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, aiki kuma yana tafiya yadda ake so.

Takardarki ta iso, na kuma karanta daftarin gwajin da kika haɗo da ita. Tambayoyinki biyu ne: ko tsarin raba majiyyata da kika rubuta ya yi, da kuma ko ki ajiye darasin lissafi na nazarin rukuni tunda aikin asibiti ya sha miki kai. Tsarin bai yi ba tukuna. Darasin kuma kada ki ajiye shi, domin gyaran tsarin naki a cikinsa yake.

Kin rubuta cewa majiyyaci na farko zai sami sabon magani, na biyu tsohon, na uku sabon, haka har ƙarshe. A takarda kamar adalci ne, amma duk wanda ke ɗakin ya san abin da na gaba zai samu. Likitan da zuciyarsa ta kwanta da sabon maganin, idan ya ga tsoho mai rauni ya shigo a kan layin sabon, sai ya ce a ɗan dakata a sake auna shi, kafin nan wani mai ƙarfi-ƙarfi ya shige gabansa. Ba mugunta ba ce, sau da yawa ma bai san ya yi ba. Kafin a ankara masu ƙarfi sun taru a ɓangare ɗaya, maganin ya karɓi yabon da ba nasa ba. Wannan ƙofar ce aka toshe a gwajin sitireptomaisin kan tarin fuka da aka wallafa a Ingila a 1948, wanda Austin Bradford Hill ya tsara rabonsa. An jera rabon da lambobin ƙuri'a, aka rufe a ambulan, likitan da ke shigar da majiyyaci bai san abin da ke ciki ba sai bayan an karɓi mutumin. Cikin wata shida mutum 4 suka rasu daga cikin 55 da aka ba maganin, 14 kuma daga cikin 52 da aka yi wa jinyar kwanciya kawai.

Kada ki ce ai idon ƙwararren likita ya isa. A Amurka an daɗe ana ba waɗanda suka yi bugun zuciya magungunan enkainid da filekainid, domin suna daidaita bugawar da ta rikice, ana kuma ganin hakan ƙarara a takardar awo. Da gwajin CAST ya gwada su da ƙwayar da babu magani a cikinta, dole aka dakatar da su a 1989, saboda mutuwa a ɓangaren masu shan maganin ta ninka ta ɗaya ɓangaren fiye da sau biyu. Haka gwajin FEAST na 2011 a Yuganda da Kenya da Tanzaniya, kan yara 3,141 masu zazzaɓi mai tsanani: waɗanda aka ɗura wa ruwa da sauri ta jijiya, kimanin kashi 10.5 cikin ɗari suka rasu cikin awa 48, waɗanda ba a yi wa haka ba kuwa kashi 7.3. Shi ya sa ban gamsu da ma'aunin da kika zaɓa ba, wato saukar wata lamba a gwajin jini. Ki sa babban ma'auninki ya zama abin da majiyyaci da iyalinsa za su gani: ya rayu, ya tashi, an sallame shi, ciwon ya dawo ko bai dawo ba. Ki rubuta shi guda ɗaya, da ranar da za a auna shi, ki yi wa gwajin rajista kafin mutum na farko ya shiga.

Yanzu ga inda darasinki ya shigo. Ɗauki haruffa uku, ABC. Hanyoyin sake jera su 6 ne. Idan kika yi sauyi ɗaya kika bi shi da wani, abin da ya fito yana cikin shidan nan. Akwai sauyin da ba ya taɓa komai, ya bar ABC yadda yake. Kowane sauyi yana da wanda zai warware shi. Idan kuma sauyi uku ne a jere, ko kin fara haɗa biyun farko ko biyun ƙarshe, sakamakon ɗaya ne. Duk tarin ayyukan da ya cika waɗannan sharuɗɗa huɗu shi ne rukuni. Amma ki lura, wanda aka fara yi yana da tasiri. Musanya na farko da na biyu, sannan na biyu da na uku: ABC ya koma BAC, ya koma BCA. Fara da musanyar na biyu da na uku: ACB, sannan CAB. Ba su zo ɗaya ba.

Raba majiyyata da ƙuri'a ba komai ba ne illa zaɓen sauyi ɗaya daga irin wannan rukuni, kowane sauyi da damarsa daidai da ta ɗan'uwansa. Tunda majiyyatanki ba su da yawa, ki raba su gungu-gungu don kada wani ɓangare ya rinjayi wani. Gungun mutum huɗu, biyu A (sabon magani) biyu B (tsohon): hanyoyin jera mutum huɗu 24 ne, amma musanya A da A ko B da B ba ya canza komai, kuma waɗannan sauye-sauyen su 4 ƙaramin rukuni ne. Raba 24 da 4, sai ki sami 6: AABB, ABAB, ABBA, BAAB, BABA, BBAA. Ka'idar masanin lissafi Lagrange ce ta tabbatar rabon zai fita babu saura, domin yawan ƙaramin rukuni kullum yana raba yawan babban.

Dubi jerin nan shida da kyau, za ki ga inda ake samun ɓaraka. Wanda ya san gungun na huɗu ne, ya kuma ga ukun farko, ya san na huɗu tabbas. Idan ya ga AA ma, ya san biyun da suka rage. Don haka ki cakuɗa gungun huɗu da na shida, wanda ke da jeri 20, girman kowane gungu ma ƙuri'a ta zaɓe shi, kuma kada ki rubuta girman a daftarin da ma'aikatan ɗaki za su karanta. Wanda ba ya ganin majiyyata shi zai fitar da jerin a kwamfuta, ya adana lambar da ya fara da ita don a iya sake fitar da jerin idan an zo bincike. Rabo ta waya ko ta intanet daga cibiya ɗaya ya fi tsaro. In dole sai ambulan, to ya zama mai kauri wanda ko an ɗaga shi a fitila ba a ganin ciki, a liƙe, da lamba a jere, kuma a rubuta lambar majiyyaci da kwanan wata a bayansa kafin a yage. Ambulan da aka tsallake ko aka buɗe da wuri, a rubuta dalili a ranar.

Amfanin rukunin bai ƙare a rabo ba, shi ne kuma ke ba lambar p ma'ana, wato lambar da ke nuna damar samun bambanci irin naki ko fiye da shi ta hanyar sa'a kawai idan maganin ba ya yin komai. Masanin ƙididdiga Fisher ya bayyana tunanin a 1935. A ce mutum takwas, huɗu a kowane ɓangare. Hanyoyin raba su 70 ne. Idan maganin ba ya yin komai, sakamakon kowa zai kasance yadda yake ko a wane ɓangare ya faɗa, saboda haka kina iya sake liƙa musu A da B ta duk hanyoyi 70, ki lissafa bambancin kowace hanya, ki ga nawa ne suka kai wanda kika samu. In naki ne mafi girma, kina kuma duba gefe biyu, wato ko A ya fi B ko B ya fi A, p ta zama 2 cikin 70, wajen 0.029. Da mutum shida ne, uku da uku, hanyoyin 20 ne kacal, mafi ƙanƙantar p kuwa 0.1, ko da maganin ya tashi ukunsa duka garau. Ƙaramin gwaji tun kafin a fara shi an san iyakar abin da zai iya nunawa.

Wurin da aka fi yin tuntuɓe shi ne a yi rabo da wani rukuni, a yi lissafi da wani. Idan takwas ɗin nan a asibiti biyu suke, kika raba huɗu a nan huɗu a can, biyu da biyu, to hanyoyin da ƙuri'arki za ta iya fitarwa 6 sau 6 ne, wato 36, ba 70 ba, mafi ƙanƙantar p kuma 2 cikin 36, wajen 0.056. Sauyin da zai ɗauki A daga wannan asibiti ya kai wancan bai taɓa shiga ƙuri'ar ba, ba shi da gurbi a lissafin. Haka nan kada ki tsince sauye-sauyen da suka yi miki kyau ki watsar da sauran, domin tarin da kika rage ba lalle ya cika sharaɗin farko na rukuni ba, p ɗin da zai ba ki kuma tana iya yin ƙanƙantar da ba ta gaskiya ba. Idan majiyyata sun yi yawa har kika sa kwamfuta ta zaɓo sauyi 10,000, ki ƙirga rabon da ya faru da gaske a cikinsu, wato ki ƙara ɗaya a kan adadin da suka kai bambancinki, ɗaya kuma a kan jimillar, kafin ki raba. Shi ne sauyin da ba ya taɓa komai, kuma shi ke hana p zama sifiri.

Na ga a ƙarshen daftarin kina tunanin wani gwajin, inda kowane majiyyaci zai sha magunguna huɗu bi da bi. Wannan sai ga ciwon da ke zaune, kamar asma ko hawan jini. Ciwon da ke warkewa ko ke kisa da wuri ba a yi masa haka. Jadawalin da kika zana, ABCD, BCDA, CDAB, DABC, jadawalin haɗi ne na rukunin zagaye mai huɗu, irin wanda masanin lissafi Cayley ya kawo a 1854, kuma ya yi kyau ta fuska ɗaya: kowane magani ya zo sau ɗaya a kowane zango. Aibinsa shi ne duk inda B ya bi wani, A ne a gabansa. Idan ragowar A na nan a jiki, ba za ki iya raba aikinsa da na B ba. Tsarin Williams na 1949 ya gyara wannan: ABDC, BCAD, CDBA, DACB. Ƙirga da kanki, kowane magani ya bi kowane sau ɗaya, haɗuwa 12 cif. In magunguna uku ne, sai kin yi amfani da duk jeri 6. Tsakanin magani da magani ki bar hutu na aƙalla ninki biyar na lokacin da rabin maganin ke fita daga jini, abin da zai rage kashi 1 cikin 32 ne.

Sauran a taƙaice. Kowa a lissafa shi a ɓangaren da ƙuri'a ta sa shi, ko ya sha maganin ko ya daina, domin masu dainawa galibi su ne waɗanda maganin ya wahalar ko jikinsu ya tsananta. Yawan mutane ma ki sake dubawa: don gane saukar mutuwa daga kashi 20 zuwa 15 cikin ɗari, da ƙarfin kashi 80, wato damar gwajin ya gano bambancin idan akwai shi, ana buƙatar wajen mutum 900 a kowane ɓangare. Abin da ya fi waɗannan duka nauyi shi ne yardar majiyyaci, wadda Sanarwar Helsinki ta 1964 ta tsaya a kai. Ki faɗa masa da harshen da yake ji cewa ƙuri'a ce za ta zaɓa, cewa ba a san wanne ya fi ba, cewa yana iya fita ba tare da an rage masa kulawa ba. Idan hujja ta riga ta nuna wanne ya fi, ba ki da ikon jefa ƙuri'a a kan mutum.

Ba zan ce miki duk darasin zai shiga asibiti ba. Abin da masanin lissafi Galois ya bari kafin rasuwarsa a 1832 yana ɗan shekara 20, wanda ya nuna dalilin da lissafin daraja ta biyar ba shi da dabarar warwarewa ta bai-ɗaya, ba zai sauke wa kowa zazzaɓi ba. Ina so ki san shi duk da haka, don yana da kyau, kuma yana horar da mutum kada ya karɓi abin da bai tabbata ba. Ki yi aikin da hannu. Zana jadawalin rukuni mai shida ɗin nan gaba ɗaya. Sannan ki ɗauki rukunin A4, wato sauye-sauyen haruffa huɗu da ake samu da musanya biyu-biyu, mai sauyi 12, ki nemi ƙaramin rukuni mai 6 a cikinsa. Babu shi, duk da cewa 6 tana raba 12, kuma sai kin gano dalilin da kanki za ki daina juya ka'idar Lagrange baibai.

Ki gyara shafin rabo da na ma'auni, ki aiko mini kafin ki miƙa wa kwamitin ɗa'a. Ki haɗo da sunan muƙamin wanda zai riƙe jerin, da inda za a ajiye shi. Mahaifiyarki tana gaishe ki, ta ce ki riƙa samun barci. Allah ya yi miki albarka, ya ba majiyyatanki lafiya.

Naki,
Mahaifinki