Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Kuɗi: a ba yaro kasonsa a kasafi, kuma a ɗaure shi da doka

Mai girma Minista,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, da addu'ar Allah ya taya ka riƙon amanar da aka ɗora maka.

Ni uba ne, kuma na rubuto maka ne da muryar iyaye irina, maza da mata, waɗanda ba sa zama a teburin da ake tsara kasafin kuɗi amma a gidajensu sakamakonsa yake sauka. Masu masana'antu suna da ƙungiyoyin da ke zuwa ofishinka. Bankuna suna da wakilai, ma'aikata suna da ƙungiyar ƙwadago, masu ba da bashi kuwa ko ba su zo ba ana tunawa da su. Yaro ba ya jefa ƙuri'a, ba ya yajin aiki, uwarsa kuma ba ta da lokacin zuwa taro domin tana wajen renonsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka ka ba mu aron kunnenka.

Babbar buƙatarmu guda ɗaya ce, sauran duk rassanta ne. Muna so tallafin da gwamnati za ta ba iyali ya zama haƙƙi da doka ta tanada, mai ranar biya sananniya da adadi sananne, wanda ba ya mutuwa idan gwamnati ta sauya. Ranka ya daɗe, abin da ya fi wahalar da mai iyali shi ne rashin tabbas. Uwa za ta iya tsara rayuwar 'ya'yanta a kan kuɗi kaɗan muddin ta san za su zo ran kaza a kowane wata. Amma kuɗin da za a raba sau ɗaya a gaban 'yan jarida, sannan a yi shiru wata bakwai, ba a iya sa yaro a makaranta da su, ba a iya fara magani mai tsawo da su. A ranar ake cinye su, washegari a koma gidan jiya.

Wannan magana an gwada ta a duniya, an ga abin da ta haifar. A shekarar 2021 Amurka ta faɗaɗa tallafin da take ba iyaye ta hanyar rangwamen haraji, ta riƙa biyansa wata-wata daga Yuli zuwa Disamba. Alƙaluman hukumar ƙidayar ƙasar sun nuna talaucin yara ya sauka daga kashi 9.7 cikin ɗari a 2020 zuwa kashi 5.2 a 2021. Da majalisa ta ƙi sabunta shirin, sauran tallafin lokacin annobar korona su ma suka ƙare, sai adadin ya haura zuwa kashi 12.4 a 2022. Iyayen nan ba su sauya hali cikin shekara guda ba. Shawarar da aka yanke a majalisa ce ta fitar da miliyoyin yara daga talauci, wata shawarar kuma ta mayar da su. Idan haka ta faru a ƙasar da ta fi kowace ƙarfin tattalin arziki, ina ga sauran ƙasashe?

Na san amsar da za a fara ba ka a ofis: babu kuɗi. To a dubi ƙasashen da ba su jira sun yi arziki ba. Afirka ta Kudu ta fara biyan tallafin renon yara a 1998, shekara huɗu kacal bayan ƙarshen mulkin wariyar launin fata. Ta fara da yara 'yan ƙasa da shekara bakwai, ta yi ta ɗaga shekarun a hankali har ya kai 18, yau kuma yara kusan miliyan 13 ke cin moriyarsa. Burazil ta kafa shirin Bolsa Família, na tallafin kuɗi ga iyalai matalauta, a 2003, shekaru da dama kuma abin da yake ci bai wuce kusan rabin kashi ɗaya cikin ɗari na arzikin da ƙasar ke samarwa a shekara ba. Birtaniya ma a 1945 ta yi dokar alawus na iyali, tana fitowa daga yaƙin duniya na biyu da bashi har wuya. Darasin da na ɗauka daga Afirka ta Kudu shi ne ba dole sai an fara da kowa ba. A fara da mai ciki da yaron da bai kai shekara biyu ba, domin likitoci sun tabbatar cewa kwana dubu na farko, daga ɗaukar ciki zuwa cikar shekara biyu, su ne lokacin da ƙwaƙwalwa da jiki ke ginuwa, kuma tsumburewar da yunwa ta jawo a wannan tsakanin da wuya a gyara ta daga baya. Sai a rubuta a cikin dokar cewa za a riƙa ƙara shekarun bisa jadawali.

A hannun wa za a sa kuɗin? Ni namiji ne, kuma ina faɗa da babbar murya: a sa su a hannun wanda yake renon yaron, wanda a mafi yawan gidaje uwa ce, wani lokaci kaka ko gwaggo. Lokacin da ake muhawarar dokar Birtaniya ta 1945, daftarin farko ya ce uba za a biya. 'Yar majalisa Eleanor Rathbone, wadda ta shafe shekaru tana fafutukar wannan alawus, ta tsaya kai da fata har aka mayar da shi hannun uwa. A Burazil ma mafi yawan katunan karɓar tallafin da sunan mata suke. Wannan bai rage wa uba daraja ba, nauyi ya rage masa. Uwa ce ta san takalmin wa ya matse, wa ya kwana yana tari, littafin wa ya cika.

Akwai kuma zargin da ke ƙona mana rai, wai idan aka ba talaka kuɗi a hannu zai ɓarnatar da su a shaye-shaye. A 2014 masana a Bankin Duniya sun tattara nazarce-nazarce 19 daga ƙasashen Afirka da Asiya da Latin Amurka, ba su sami hujjar cewa tallafin kuɗi yana ƙara sayen giya ko taba ba. Don Allah a daina tsara shiri bisa zato cewa iyaye ɓarayin 'ya'yansu ne. Wannan zaton ne ke haifar da tulin sharuɗɗa da takardun da a ƙarshe suke korar wanda ya fi kowa buƙata: matar da ba ta da takardar haihuwar ɗanta, uban da bai iya cike fom a intanet ba, kakar da ke riƙon marayu kuma babu wata takarda da ta nuna ita ce mai riƙonsu. Idan har sai an nemi takardar haihuwa, to a riƙa bayar da ita kyauta a inda aka haifi yaron, a kuma yi masa rajistar tallafin a zama ɗaya. Wanda aka cire sunansa a gaya masa dalili, a nuna masa ƙofar da zai kai kuka, a kuma sa wa'adin da za a ba shi amsa.

Wani abu da ake yawan mantawa shi ne hauhawar farashi. A ƙarshen 2010 Iran ta rage tallafin makamashi, ta maye gurbinsa da kuɗi kai tsaye ga kusan kowane gida. Da farko kuɗin sun yi auki, amma aka bar adadin yadda yake shekara da shekaru, tsadar kaya ta cinye darajarsa har ya zama abin da bai taka kara ya karya ba. Saboda haka muna roƙon dokar ta wajabta duba adadin kowace shekara gwargwadon tashin farashi. Haka kuma duk ranar da gwamnati ta yanke shawarar janye wani tallafi ko ƙara harajin kayan masarufi, a tabbata agajin iyali ya riga ya fara shiga hannun mutane kafin sabon farashin ya fara aiki. Yaro ba ya iya jinkirta yunwarsa har kwamiti ya miƙa rahoto.

Game da makaranta, kalmar "kyauta" ta daɗe tana ba iyaye ciwon kai. A soke kuɗin makaranta a takarda, sai ya dawo da sunan kuɗin jarrabawa, kuɗin gyaran aji, kuɗin kayan makaranta. Shugaban makaranta ba mugu ba ne, sau da yawa babu abin da aka turo masa da zai sayi alli. Lokacin da Kenya ta soke kuɗin firamare a 2003, yara fiye da miliyan ɗaya suka ƙaru a makarantu cikin ɗan lokaci, wanda ya nuna kuɗi ne ya tsare su a gida tun farko. Amma azuzuwa suka cika maƙil, malamai suka yi kaɗan. Ke nan soke kuɗi rabin aiki ne, sauran rabin shi ne a tura wa kowace makaranta kason kowane ɗalibi a kan lokaci, a ɗauki malamai, a biya su albashi ba tare da jinkiri ba. A taron ilimi na duniya da aka yi a birnin Incheon na Koriya ta Kudu a 2015, ƙasashen duniya sun amince su ware wa ilimi kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na abin da gwamnati ke kashewa. Muna so a kowace shekara ka gaya mana inda aka tsaya a wannan ma'aunin. A haɗa da ciyarwa a makaranta, wadda Finlan ta mayar kyauta ga duk 'yan firamare tun 1948 tana ƙasa mai fama da raunukan yaƙi. Yaron da ya shiga aji da yunwa, kuɗin da aka kashe wa malaminsa da littafinsa rabinsu asara ne.

Nan ne na zo kan abin da na fi so ka tsaya ka karanta da kyau. Ware kuɗi daban, isarsu daban. A Yuganda an bi sawun kuɗin da gwamnati ke tura wa makarantun firamare tsakanin 1991 da 1995, aka gano cewa kashi 13 cikin ɗari ne kawai ke isa makarantun, sauran suna maƙalewa a ofisoshin da ke tsakani. Sai gwamnati ta fara buga adadin da ta tura wa kowace gunduma a jaridu, aka kuma umarci makarantu su liƙa abin da suka karɓa a inda kowa zai gani. Zuwa 2001 abin da ke isa ya haura kashi 80. An yi wasu gyare-gyaren a tsakanin, amma sanin da iyaye da malamai suka samu na abin da ya kamata ya zo musu ya taka rawa babba. Wannan mataki kusan ba ya cin ko kwabo, ranka ya daɗe, kuma yana hannunka. Ka sa a liƙa a ƙofar kowace makaranta da kowane ƙaramin asibiti nawa aka turo, yaushe aka turo, don me aka turo. A sanar a rediyo da harshen da mutane ke ji. Mu iyaye za mu zama maka masu binciken kuɗi da ba sa karɓar albashi, domin 'ya'yanmu ne a ciki.

Kan lafiya ba zan tsawaita ba. Awon ciki, haihuwa, rigakafi da maganin yaro ɗan ƙasa da shekara biyar su zama ba a biya a bakin ƙofa, kuma a riƙa samun maganin a asibitin da gaske. Rashin lafiyar yaro ɗaya na iya cinye jarin gida gaba ɗaya cikin mako guda.

Sai maganar hutun haihuwa. Yarjejeniya ta 183 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka yi a 2000, ta tanadi hutun mako 14 aƙalla, da biyan abin da bai gaza kashi biyu cikin uku na albashi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma tana ba da shawarar shayar da nonon uwa zalla har wata shida. Matsalar ita ce wannan hutu mai aikin albashi kaɗai yake samu. Mai ƙaramar sana'a, mai aikin gona, mai aikin gida a gidan wasu, ranar da ta zauna ranar kuɗin shigarta suke tsayawa, sai ta koma aiki jikinta bai warware ba. Tallafin haihuwa da za a biya daga asusun gwamnati, ba daga aljihun mai ɗaukar aiki ba, shi ne zai kai ga waɗannan matan, ya kuma hana kamfanoni gudun ɗaukar mata aiki. Uba ma a ba shi 'yan kwanaki, domin mai jego tana buƙatar mataimaki. Kada kuma a manta da iyayen yara masu naƙasa, waɗanda sau da yawa ɗayansu ke ajiye aiki gaba ɗaya don ya kula da yaron. Kasonsu ya kamata ya fi na kowa.

Ban jahilci matsin da kake ciki ba. Wani rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2023 ya nuna mutum biliyan 3.3 suna zaune a ƙasashen da abin da suke biya na kuɗin ruwan bashi ya fi abin da suke kashewa a ilimi ko lafiya. Amma bashin da ake ci yau, yaran nan ne za su biya shi idan sun girma. Adalci ne a ce kafin a sa hannu a kan sabon rance, a bayyana wa jama'a abin da zai amfana wa waɗanda za su gaji biyansa. Idan kuma tsuke bakin aljihu ya zama dole, a fara da motocin manya, tafiye-tafiyen tawaga da gine-ginen ofisoshin da za su iya jira, a kuma sake duba rangwamen harajin da ake yi wa manyan kamfanoni, a ga wanne ne ya samar da ayyukan da aka yi alkawari. Kason yara ya zama na ƙarshe da almakashi zai taɓa. Yarjejeniyar kare haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, wadda kusan duk ƙasashen duniya suka amince da ita, ta ambaci haƙƙin yaro na samun kariyar jin daɗin jama'a a sashe na 26, sashe na 4 kuma ya ɗora wa gwamnatoci yin iyakar abin da dukiyarsu za ta iya.

Kafin ka kai kasafin shekara mai zuwa gaban majalisa, muna roƙon ka ware rana ɗaya ka zauna da iyaye, waɗanda makarantu da ƙananan asibitoci za su turo daga birni da karkara, har da zawarawa masu riƙon marayu da iyayen masu naƙasa. Ka kuma haɗa wa kasafin takarda mai shafi biyu, cikin harshe mai sauƙi, da za ta nuna nawa aka ware wa yara bara, nawa aka saki a zahiri, nawa kuma ake shirin warewa bana.

Allah ya yi maka jagora.

Naka,
Wani uba, a madadin iyaye 'yan'uwansa