Rahoton kwamiti kan kujeru da lilon yaranmu masu lalurar gaɓoɓi

Assalamu alaikum iyayenmu, malamanmu da duk wanda ya sa hannunsa a wannan aiki. Alhamdulillahi, aikin da taron iyayen yara na makarantar unguwarmu a Tudun Wada ya ɗora mana ya kammala. An haɗa kujeru 7 na musamman, an kafa lilo 2, an kuma zuba gangara a ƙofar ajin da yaran suke. Lissafin abin da ya shigo da abin da aka kashe, tare da rasiɗai, yana manne a allon sanarwa na ofishin shugaban makaranta, kowa ya je ya duba. A nan za mu yi bayanin yadda aikin ya gudana ne, har da inda muka yi tuntuɓe.

Yaran da aka yi aikin dominsu yawancinsu ba shan inna ba ne, ko da yake haka mutane ke kiran duk yaron da ƙafarsa ta shanye. Tun watan Agustan 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar shan inna. Biyar daga cikin yaranmu bakwai lalurarsu daga ƙwaƙwalwa take: wani doguwar naƙuda ce ta taɓa shi, wata shawara ce ta kama ta tana jaririya, wani sanƙarau. Irin waɗannan yara jikinsu kan sandare ko ya saki, wuya ba ya tsayawa, baya yana karkacewa. A da a kan tabarma ake kwantar da su a bayan aji, suna kallon rufi, malam yana rubutu a allon da ba sa gani. Wannan shi ne abin da ya tayar da hankalin iyaye har aka kafa mu.

Kuskurenmu na farko kan kujeru ne, kuma namu ne, ba na kafinta ba. Mun je Panteka, kasuwar masu sana'ar hannu ta Kaduna, da zane ɗaya, muka ce a yi mana guda bakwai iri ɗaya, don mu rage kuɗi. Allah Ya sa guda biyu kawai aka fara haɗawa. Da wata likitar fisiyo (mai gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi), 'yar unguwar nan da ke taimaka mana ranar Asabar ba tare da ta karɓi ko kwabo ba, ta zaunar da yaro na farko, sai ya zame gaba, ƙafafunsa na reto, haɓarsa ta sauka kan ƙirji. Ta nuna mana cewa kujerar ta yi masa zurfi. Daga nan ta ɗauko tef ta auna kowane yaro shi kaɗai: faɗin ƙugu, tsawon cinya daga mazauni zuwa bayan gwiwa, daga gwiwa zuwa tafin ƙafa, daga mazauni zuwa kafaɗa da kai. Abin da ake nema shi ne ƙugu da gwiwa su lanƙwasa daidai kamar kusurwar bango, tafin ƙafa ya taka wani abu sosai. Idan ƙugu ya zauna, sauran jiki kan samu natsuwa.

Saboda haka babu kujera biyu da suka yi kama. Masu harɗe ƙafafu an sa musu ɗan tudun katako mai soso a tsakanin cinyoyi. Masu karkacewa an sa musu madogara a gefen haƙarƙari. Biyu suna da matashin kai. Duka suna da bel a ƙugu da ɗan tebur a gaba da ake zarewa, inda yaro zai ɗora hannu ya riƙe alƙalami ko cokali. An rufe soson da ledar kujera mai gogewa saboda yawu da fitsari, an kuma goge duk wani kaifi na katako. Matakin ƙafa da noti aka ɗaure shi maimakon ƙusa, don a riƙa saukar da shi yayin da yaro ke tsawo. Wata uwa ta shaida mana cewa tun da 'yarta ta fara cin abinci a zaune cikin kujerar, ƙwarewar da take yi ta ragu, har tana roƙon a haɗa mata irinta a gida.

A kan lilo an yi ja-in-ja a kwamiti. Wasu dattawanmu, da kyakkyawar niyya, suka ce kuɗin ya fi kyau a sayi magani ko keken guragu. Mun saurare su. Amma duk wanda ya taɓa tsayawa a filin makaranta lokacin tara, ya ga yara suna guje-guje an bar waɗannan a jingine da bango suna bin su da ido, ya san wasan ma buƙata ce. Daga ƙarshe aka amince.

Mai walda ya yi amfani da bututun ƙarfe mai kauri, birkila ya binne ƙafafun cikin kankare, muka yi mako guda ana ba shi ruwa safe da yamma kafin a rataya komai. Mazaunin lilon yana da dogon baya da ya ɗan kwanta, da madogarar kai, da bel mai riƙe ƙirji da ƙugu, an rataye shi da sarƙa huɗu don kada ya kife. Ƙarƙashinsa an haƙe an cika da yashi mai laushi. Mun zaɓi gindin dogon yaro saboda zafin Maris da Afrilu, lokacin da ƙarfe kan ƙona hannu. An shafa fentin hana tsatsa kafin fentin ado, don daminar Kaduna ba ta raga wa ƙarfe. Akwai lilon da ake hawa da keke gaba ɗaya, mun bar shi a yanzu: yana da nauyi sosai, idan ya bugi ƙaramin yaro mai wucewa zai yi ɓarna, sai an yi masa shinge.

Gangarar kuwa ba ta ba mu wahala ba. Dakalin ƙofar inci 6 ne, aka ja ta ƙafa 6, wato kowane inci ɗaya na tsayi ƙafa ɗaya na tsawo. Dokar hana nuna bambanci ga masu buƙata ta musamman da aka sanya wa hannu a Janairun 2019 ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara hanyar shiga. Wa'adin ya wuce, banɗakinmu kuwa har yau matakala gare shi. Ba mu da kuɗinsa, mun miƙa shi ga taron iyaye.

Ranar da aka buɗe, yaron nan na farko shi aka fara ɗorawa. Ya ƙanƙame bel, aka tura shi a hankali, sai ga dariya har da shessheƙa. Mahaifiyarsa ta juya baya tana share ido da gefen mayafi, mu ma da yawanmu ba mu iya magana ba.

Muna roƙon malamai da iyaye: kada a ɗora yaro a lilo sai da babba a tsaye, mai farfaɗiya kuma sai da izinin likitansa. Kada a bar yaro a kujera tun safe har tashi, a riƙa sauya masa zama ana duba fatarsa, gudun gyambo. Mai gadi ya karɓi aikin duba noti da sarƙa duk Asabar. Farkon zango mai zuwa likitar za ta sake auna yaran, don haka kowace uwa ta zo da nata da ƙarfe tara na safe.