Sabuwar mota mai gida ta kwana 94 a gareji, bashinta kuwa bai tsaya ko na rana ɗaya ba

Assalamu alaikum Malam Edita, barka da aiki, ya ƙoƙari ya jama'ar gidan naku.

Na saurari shirin da kuka yi kwanakin baya akan motocin nan masu gida a ciki da Amurkawa suke yawo da su, waɗanda suke ce wa RV ko motahom, mai gado da kicin da banɗaki duk a jikin mota ɗaya. Shirin ya yi daɗi wallahi, amma gefe ɗaya kuka nuna mana, gefen iyali sun faka bakin tafki suna shan iska. Ni ina ɗaya gefen, shi yasa nace bari in rubuto ko Allah zai sa wani ɗan uwa da yake shirin sa hannu a takardar bashi ya karanta kafin ya ɗauki biro.

Ni direban tirela ne a jihar Ohayo, na haura shekara 10 akan titi. Bara ni da maiɗakina muka yanke shawarar mu sayi irin wannan motar sabuwa dal, saboda yara sun fara girma kuma kullum ina hanya, muka ce ko lokacin hutun makaranta ma riƙa fita tare. Dalilin da yasa muka ƙi ta hannu kuwa shine kar mu sayi ciwon kan wani. Muka ba da kafin alƙalami daga abinda muka daɗe muna tarawa, sauran kuma ofishin dilan ne ya haɗa mu da banki, bashin shekara 15, a nan har na shekara 20 ana bayarwa akan irin waɗannan motocin. Na san akwai masu cewa ai tun daga kuɗin ruwa aka kuskure, na ji kuma ban musa ba, amma yau ba wannan ce ta kawo ni ba.

Ranar ɗauka na buɗe gaba na duba inji, na leƙa ƙarƙashi, na taka birki, na saurari giya, duk abinda direba ya sani na yi. Rufi ne ban hau ba, kuma can matsalar take. Fitarmu ta farko aka yi ruwan sama da daddare, wajen ƙarfe uku yarinyata ta tashe ni wai Baba gadon ya jiƙe. Ruwa ne yake bin haɗin rufi yana sauka ta cikin bango. Da gari ya waye kuma wannan ɓangaren falon da ake danna maɓalli ya zame waje don ɗaki ya ƙara faɗi, ya fita ya ƙi komawa, kuma ba yadda za a yi ka hau titi da shi a waje, haka muka wuni muna jiran makanike ya zo ya tura shi da hannu. Sati biyu bayan nan janareta ya fara mutuwa da kansa. Motar da ko mil 600 bata yi ba fa.

Toh daga nan ne na fara gane abinda ba wanda ya faɗa min ranar ciniki. A ido mota ɗaya ce, amma a takarda masu ita sun kai huɗu ko biyar. Kamfani ɗaya ne yake ƙera shasi, wato ƙashin ƙarfen da motar take zaune a kai, da inji, wani kamfanin daban ya ɗora gidan a kai, firij da janareta da na'urar sanyaya ɗaki kowanne da nasa kamfanin da nasa garantin, shi kuma dila a cikin ƙananan rubutun da na sa wa hannu ya riga ya rubuta cewa shi bai ba da garantin komai ba, sayarwa kawai ya yi. Sai ka kai ƙorafi wannan yace ba nasa bane na wancan ne, wancan yace a turo hoto, a turo hoto ace ana jiran amincewa, amincewa ta zo ace kayan gyaran bai iso ba. Kafin ma masu gyaran su karɓi motar sai da na jira sati uku akan layi. Kaiwa huɗu na yi, na zauna na lissafa kwanakin da ta yi a garejinsu, 94 cif, kuma har yau in aka yi ruwa mai ƙarfi bangon bayan gado yana damshi, fumfuna ta fara fitowa ta ƙasan katifa, ƙaramin yarona kuma yana da asma, kaga ko kyauta aka ce ya kwana a ciki ba zan bari ba.

Yanzu maganar bashin, wadda ita ce ainihin abinda yasa na rubuto. Na kira bankin na yi musu bayani tiryan-tiryan, matar da ta ɗauka ta saurare ni da mutunci gaskiya, ta ba ni haƙuri, sannan tace su kuɗi suka bayar ba mota ba, ranar biya, wato 5 ga wata, tana nan yadda take. Inshora ma tana tafiya, kuɗin filin da nake ajiye motar ma yana tafiya tunda ba ta shiga ƙofar gidanmu. Ranar raina ya ɓaci sosai, kuma duk wanda na faɗa wa cikin abokai amsa ɗaya ce, kai dena biya kawai, kai musu motar ka faka a ƙofarsu ka ajiye makulli ka yi tafiyarka. Har na kusa yi wallahi, maiɗakina ce tace Baban yara ka bari mu ji bakin lauya tukunna.

Don Allah duk wanda yake cikin irin wannan halin kar ya bi waccan shawarar da ka. In ka dena biya ba kamfanin da ya ƙera motar ka hukunta ba, su tuni dila ya biya su, shi ma dila tuni banki ya biya shi. Kanka ka hukunta. Da zarar biya ya yi lattin kwana 30 banki zai iya kai sunanka wajen kamfanonin nan masu ajiye tarihin bashi, Equifax da Experian da TransUnion, kuma tabon yana zama har shekara 7, a ƙasar da ko gidan haya kake nema sai an duba wannan tarihin. Bayan nan su zo su ɗauke motar su kai gwanjo, a sayar da ita a wulaƙance tunda dama irin waɗannan motocin daga ranar da suka bar filin dila darajarsu take zubewa balle mai yoyo, sannan a cire abinda aka samu daga bashin a biyo ka cikon, har da kuɗin ɗauka da na gwanjon. Ko kai ka miƙa makulli da hannunka lissafin ɗaya ne. Ka rasa mota, ka rasa kafin alƙalaminka, bashi kuma yana wuyanka, kuma babbar hujjarka wato ita motar da ruwan da yake zuba a cikinta ta bar hannunka.

Lauyan da muka gani mai shari'ar masu saye ne, kuma abin farko da ya fara kashe min gwiwa da shi shine dokar da kowa yake ambata, wadda suke kira dokar lemon tsami, don a nan sabuwar motar da ta fito da aibi lemon tsami suke ce mata. A Ohayo dokar tana da ƙarfi akan mota ta yau da kullum, cikin shekarar farko ko mil 18,000 na farko in an gwada gyara matsala ɗaya sau 3 bata gyaru ba, ko motar ta yi jimillar kwana 30 a gareji, kana da damar neman a canza maka ko a maido maka kuɗinka. Nace toh ai ni na ninka 30 sau uku. Yace tsaya, a mota mai gida dokar ta ware ɓangaren kwana da girki da ajiyar abinci ta fitar da su. A Kalifoniya ma shasi da abinda yake tura motar dokar ta shafa banda wajen zama, a Fulorida kuma an cire kayan zaman sannan kwanakin ma 60 ne ba 30 ba. Kenan da birki ne ko inji ya lalace da hanyata ta fi sauƙi, amma matsalolina kusan duk a gidan suke, kuma kamfani zai tsaya ne akan cewa ba ruwan wannan dokar da su. Ni dai har yanzu ban ga adalcin wannan ba, mutum saboda gidan ya sayi motar, in tuƙi kawai yake so ai da ƙaramar bas ya saya.

Amma ba a nan aka rufe ƙofa ba. Akwai dokar tarayya ta garanti, Magnuson-Moss, ta shekarar 1975, ita ba ruwanta da wane ɓangare ne na kwana wane ne na tuƙi, in kamfani ya ba ka garanti a rubuce kuma ka ba shi dama daidai gwargwado ya kasa gyarawa zaka iya kai shi kotu, in ka yi nasara kuma kotu tana iya ɗora masa kuɗin lauyanka, shi yasa wasu lauyoyin suke karɓar irin wannan shari'ar ba tare da ka biya su tun farko ba.

Sai abinda ya fi ba ni mamaki. Ya buɗe takardar bashina ya nuna min wani sakin layi da manyan baƙaƙe wanda ni ban taɓa karantawa ba. Ƙa'ida ce ta hukumar kasuwanci ta tarayya, FTC, tana aiki tun 1976, cewa in dila ne ya haɗa bashin, duk wanda takardar bashin ta koma hannunsa ya gaji ƙorafin da kake da shi akan mai sayarwa, sai dai abinda zaka iya karɓa daga wajensa ba zai wuce abinda ka riga ka biya ba. Wato maganar da aka faɗa min a waya cewa su kuɗi kawai suka bayar ba ita ce ƙarshen zance ba. Amma ya ja min kunne sosai, wannan ba lasisin dena biya bane da kanka a cikin fushi, abu ne da ake tayarwa a rubuce ta hanyar da ta dace, kuma wanda ya je bankinsa shi kaɗai ya ciyo bashi ba ta hannun dila ba galibi wannan ƙa'idar bata shafe shi.

Abinda ya cece ni kuma ba wayona bane, ɗabi'ar aiki ce, mu direbobi an saba mana da ajiye takarda. Duk kaiwar da na yi na karɓi takardar aiki mai ranar shiga da ranar fita. Sau ɗaya suka rubuta wai sun duba basu ga matsala ba, na ƙi tafiya sai da aka ƙara cewa mai mota ya nuna bidiyon ruwa yana zuba. Kiran waya iska ne, yanzu duk wanda na yi magana da shi sai na bi shi da imel in ce kamar yadda muka yi magana yau kaza da kaza. Kamfanin da ya ƙera gidan kuma wasiƙa mai rajista na aika musu kai tsaye, don faɗa wa dila ba lallai a ɗauke shi a matsayin ka sanar da kamfani ba. Kuma a kula da agogo, garantin gidan nawa shekara ɗaya ne kacal, yana cinyewa ne motar tana zaune a garejinsu, sannan cikin ɗan littafin garantin an rubuta cewa in shari'a ce sai dai a jihar Indiyana, kuma an gajarta lokacin da zaka iya shigar da ƙara. Wanda ya zauna yana ta haƙuri ana ce masa sati mai zuwa, ranar da zai farka sai ya tarar ihu ne bayan hari.

Indiyanar ma ba haka kawai ba, yankin Elkhart can ne ake ƙera mafi yawan irin waɗannan motoci na Amurka, kuma a 2021 kaɗai masana'antar ta fitar da kimanin 600,000 in an haɗa da tirelolin zama da ake ja, adadin da ba a taɓa kaiwa ba. Ni a ganina masu gyara basu ƙaru yadda masu saye suka ƙaru ba, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa layin gareji zai gane me nake nufi.

Da za a maido ni ranar ciniki, zan biya mai duba mota mai zaman kansa wanda ba ɗan gidan dila ba ya wuni a kanta, a jona tiyo a yi ta feshin ruwa akan rufi da tagogi ina ciki ina kallo, a fitar da falon a mayar sau goma, a bar janareta yana aiki da komai a kunne. In an ga aibi kuma ba zan sa hannu akan alƙawarin za mu gyara daga baya ba, a gyara tukunna, don kafin sa hannu kai ake bi, bayan sa hannu kai kake bi. Lambar shasi mai harafi da lamba 17 kuma a sa ta a shafin hukumar NHTSA mai kula da kiyaye haɗurran mota a Amurka a ga ko kamfani ya yi kiran a maido motar don gyara wani aibi mai haɗari, kyauta ne minti biyu.

Inda muke yanzu, lauya ya aika wa kamfanin da dila da bankin takarda yana neman su karɓi motarsu su biya ragowar bashin su maido mana abinda muka zuba. Kamfanin ya amsa da tayin a kai ta masana'antarsu su sake rufin gaba ɗaya, mu kuma muna kan tattaunawa ko mu yarda, ni zuciyata bata kwanta ba saboda bangon da ya riga ya sha ruwa wata da watanni. Ranar 5 ga watan nan ma na biya, kuma a jikin kowane biya ina aika musu rubutu cewa ina biya ne ba tare da na janye ƙorafina ba.

Roƙona gare ka Malam Edita, ku sake waiwayar wannan batu a shirinku, ku gayyato lauyan da ya san haƙƙin masu saye ya yi bayani da Hausa, musamman wannan sakin layin na takardar bashi, don 'yan uwanmu da yawa a nan suna sa hannu akan takardu masu shafi ashirin talatin a ofishin dila cikin minti goma ana nuna musu wajen sa hannu da yatsa. In kuna buƙatar kofin takardun aikin nawa zan turo muku bayan na goge sunaye.

Na gode, a gaida ma'aikata.

Mai sauraronku a kullum,
daga jihar Ohayo, Amurka